Ranar da Inna Ladidi Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Akwai laifin da ba a kai mai shi gaban alƙali, amma ya fi sata muni. Shi ne jama'a su haɗu su tsamo mutum ɗaya daga cikinsu su ce masa, "Je ka zama bakinmu," ya je ya kame bakin ya zauna, in kuma ya buɗe shi ya faɗi abin da ba su ce ba. Mafi lalacewa a cikin masu wannan hali shi ne wanda ya fara gwada shi a kan uwar da ta haife shi. Labarin ɗayansu ke nan. Wanda ya ji ya taɓa shi, to da shi ake.

A Tsamiyar Kwari, wani ƙauye da katangun kamfanonin Challawa suka zo suka tsaya masa a ƙeya, akwai wata tsohuwa da ake kira Inna Ladidi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ta riƙe gidan da tukunyar garau-garau. Leburorin kamfani, 'yan Jigawa da 'yan Nijar, in sun tashi daga aiki a zaurenta suke cika ciki. 'Ya'yanta biyu ne suka rayu: Abdulbaqi ɗan fari, sai Aina'u auta, wadda take aure katanga ɗaya da gidan. Mijin Aina'u, Muntari, lebura ne a kamfanin jimar fata da ke bayan gari.

Inna Ladidi mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna ba ta taɓa furta shi ba. Kakarsa ce ta goya shi. In za ta ambace shi sai ta ce wa Aina'u "yayanki", ga sauran mutane kuma "mutumin nan". In ya zo gaisuwa a bakin ƙofar ɗaki yake durƙusawa, ita kuwa ta kau da kai ta yi magana ƙasa-ƙasa, Aina'u ta ɗauka ta miƙa masa. Baƙo zai ɗauka ba ta ƙaunarsa. Bai san in ya miƙe zai tafi ba, ita ce take matsawa ta leƙa ta kafar asabari, tana kallon bayansa har ya shige zaure.

Da ya tsaya takarar majalisar jiha, tukunyarta ce ta ciyar da masu manna masa hotuna. Ranar zaɓe ta ja ƙafa ta bi layi a rana, ta tambayi matar da ke gabanta, "Wace alama ce ta mutumin nan?" Aka yi dariya, aka nuna mata. Ya ci. Bai daɗe ba ya kwashe matarsa Hajiya Lubna da 'ya'yansa suka koma Hotoro. Da aka ji an ba shi shugabancin kwamitin da ke duba masana'antu, mutanen gari suka ce to, maganar kwata ta zo ƙarshe.

Kwatar ta kamfanin jima ce, ta bayan katangar Inna take bi. Da rani tana tafiya a hankali, baƙa wuluk, wata rana shuɗiya da kumfa a kai, warinta kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai. Da damina sai ta cika ta tsallako, ta shigo tsakar gida ta magudana, ta gangara rijiya. Ruwan rijiyar ya daina kumfa da sabulu. In aka dafa wake da shi sai ya fito da wani launi da ba nasa ba.

A daminar shekararsa ta uku a majalisa aka yi wani ruwa da hantsi, kwatar ta malalo har gindin murhu. Inna ta shiga tsamo itace da tukwane. Tana da faso a dugadugai, irin na duk matar da ta tsufa a bakin wuta. Da yamma ƙafar hagu ta fara ƙaiƙayi. Washegari ta yi ƙuraje masu ruwa. Kafin sati ya zagayo, diddigen ya buɗe.

Malam Idrisu, ƙanin marigayi mijinta, shi ya yi ta buga waya har Honarabul Abdulbaqi ya zo. Ya zo da Sagir, mutumin da ke riƙe masa waya da buɗe masa mota. Sagir ya tsaya a bakin zaure, Abdulbaqi ya ɗage babbar riga don kada ta taɓa laka, ya durƙusa a ƙofar ɗaki.

"Inna, barkanku da gida. An ce min ba ku jin daɗi."

Inna ta juya fuska bango. "Ce wa yayanki ruwan bayan gida ne ya ci min ƙafa. Ce masa ba ni kaɗai ba ce, ya shiga gidan maƙwabciyarmu Mas'uda ya ga hannun 'ya'yanta. Ce masa ya je ya faɗa a inda aka aike shi."

Aina'u ta ɗaga kai ta hangi Sagir. Jiya-jiya Sagir ɗin ya tare Muntari a ƙofar kamfani, ya dafa masa kafaɗa yana murmushi, ya ce mai kamfani ba ya son ma'aikacin da ake yawan surutu a gidansu. Ta juya ga yayanta.

"Ta ce da sauƙi, Yaya. Ta ce faso ne ya ɗan yi ruwa."

Ɗakin nan ba wani girma ne da shi ba, kuma kunnen Abdulbaqi lafiyarsa lau. Ya ji abin da uwarsa ta ce, kalma bayan kalma. Amma na Aina'u ya ɗauka.

"Alhamdu lillahi. Ai na san faso ne, duk damina haka yake yi mata. Allah ya ƙara sauƙi, Inna."

Da motar ta tashi, Inna ta dubi 'yarta. "Haka na ce?"

Aina'u ta sa gefen mayafi a ido. "Inna, in aka kori Muntari me za mu ba yara?"

Inna ta san yunwa, ba a labari ta ji ta ba.

Abin da ya sa Honarabul ya zaɓi wannan amsar ba ɓoyayye ba ne. Motocin da suka yi masa yawon neman ƙuri'a mai kamfanin jima ne ya ba shi. Guraben aikin da yake raba wa yaransa daga can suke fitowa. Kuma kwamitinsa yana shirin miƙa rahoto a kan ruwan da kamfanoni suke saki. Ƙafar uwarsa, in aka gan ta, shaida ce. Shi ya sa ya ƙudura ba za a gan ta ba.

Bayan kwana biyu Sagir ya dawo da maƙera, suka cire tsohon ƙyauren zaure suka sa na ƙarfe, kore shar, da kwaɗo. Masu wucewa suka yi ta sa albarka, wai Honarabul ya tuna da gida. Sagir ya tsaya a tsakar gida yana jera saƙo.

"Oga ya ce a daina sayar da abinci. Bai dace uwar Honarabul tana zuba wa leburori wake ba. Oga ya ce kuma a rage masu dubiya, 'yan adawa suna yawo da waya suna ɗaukar hoton duk abin da suka gani."

"Asibiti fa?" in ji Aina'u.

"Za a je, Anti, za a je. Asibitin nan na cikin gari tambaya gare su kamar 'yan sanda. Me ya same ta, wane ruwa ta taka. A bari a miƙa rahoto tukuna. Ga Yahaya mai kemis zai riƙa zuwa yana wanke mata, ya iya aikinsa."

Hajiya Lubna ma ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Ta aiko da katan ɗin ruwan roba da safa masu taushi, ta ce a gaida Inna, za ta leƙo in yara sun yi hutu. Ruwan roban ya ƙare, aka koma rijiya. Safar tana nan a ledarta.

Haka gidan da bai taɓa rabuwa da ƙarar cokali da kwano ba ya yi tsit. Mas'uda ta zo dubiya ta tarar da kwaɗo, ta yi sallama ta kan katanga ta koma. Matan da Inna ta yi wa wankan jego, da waɗanda ta zauna musu makoki, duk suka ɗauka girman kai ne ya shigo gidan tare da sabon ƙyaure. Wannan ya ci ran Inna fiye da ciwon. Tana kwance tana jin takunsu a lungu, tana gane kowacce da tafiyarta, babu mai shigowa.

Ciwon kuwa bai san da wani rahoto ba. Daga diddige ya hau idon sawu. Ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, gefen gyambon ya yi baƙi. Inna ta daina taka ta, ta koma jan gindi zuwa bakin ƙofa ta sha iska. Salla a zaune, daga baya a kishingiɗe. Aina'u ta riƙa kunna turaren wuta, ba don ƙamshi ba, don ƙudaje. Abincin da tsohuwar ta ciyar da rabin Challawa da shi, yanzu loma biyu take yi ta ture kwanon.

Wata rana Yahaya mai kemis ya kwance bandeji, ya kau da kai. Ya fita zaure ya sami Sagir.

"Wallahi wannan ya fi ƙarfina. Ni allura na sani da wankin ciwo. A kai ta wurin likita yau, ba gobe ba."

"Malam Yahaya, kai dai naɗe. Wanda ya kira ka ya san abin da yake yi."

Yahaya ya naɗe. Shi ma yana da shago, kuma takardar shagon ba ta cika ba.

Mutum ɗaya ne kwaɗon bai hana shiga ba, Malam Idrisu, don babu wanda ya isa ya tare ƙanin maigida a gidan wansa. Shi ya ritsa Abdulbaqi a tsakar gida ranar da ya sake leƙowa. Inna tana ciki tana jin su.

"Abdulbaqi, tsaya. Ranar da muka bi layi a rana, me muka aike ka?"

"Baffa, ai kun gani da idonku. Na kawo babura, na raba injin markaɗe, na sake rufin masallaci."

"Ban tambaye ka abin da ka raba ba. Zauren majalisar nan da kuke zama ba zai ɗauke mu duka ba, shi ya sa muka tura mutum ɗaya. Aikinka ka zo ka zauna a tabarma ka ji abin da ke damunmu, ka koma ka miƙe tsaye ka faɗe shi yadda aka faɗa maka, ko da wanda maganar za ta taɓa tare kuke cin abinci. In sun ƙi ji ka sake miƙewa. Ka dawo ka gaya mana abin da suka ce. Shekara uku ke nan, ka taɓa buɗe baki ka ce kwata?"

"Baffa, siyasa ba haka ake yin ta ba. In aka rufe kamfanin nan mutum nawa za su zauna a gida? Har da Muntari."

"Wa ya ce a rufe? Cewa muka yi su tace ruwansu kafin su sako mana. Ba ku ne masu yin doka ba?"

"Ana kan magana, Baffa. Komai yana da mataki."

"To bar gari. Uwarka fa? Ka shiga ka ga ƙafar nan?"

Abdulbaqi ya gyara hula. Ya sassauta murya kamar mai ladabi.

"Baffa, ita da bakinta ba ta taɓa ce min komai ba. Ku tambaye ta. Da tana da damuwa ai da ta gaya min. Aina'u ta ce da sauƙi, ni kuma abin da aka gaya min shi na sani."

Malam Idrisu ya dube shi. "Ka san dalilin da ya sa ba ta yi maka magana."

"Al'ada ce, Baffa. Ni ba zan karya mata al'ada ba."

A cikin ɗaki Inna Ladidi ta rufe ido. Kunyar nan ba ƙaramin abu ta ci mata ba. Tana ji yana kuka a bayan kakarsa, nono yana zuba mata a zani, ba ta ɗauke shi ba sai an fita. Ranar da ya sauke Alƙur'ani, mata suna guɗa, ita tana bayan rumbu tana share hawaye. Ranar aurensa gidan maƙwabta ta gudu. Duk ta yi ne don girmama shi, don a san wannan ɗan daban yake. Yau ga shi ya ɗauki girman da ta ba shi ya lulluɓe gyambonta da shi.

Malam Idrisu ya shigo ya ce zai samo a-daidaita-sahu su tafi asibiti, kowa ya yi abin da zai yi. Aina'u ta riƙe masa ƙafa tana roƙo, wai saura kaɗan a miƙa rahoton, Sagir ya yi rantsuwa. Inna ta dubi 'yarta, ta tuna jikokinta, ta ce a ƙara haƙuri. Wannan haƙurin shi ya ci ƙafar.

Rahoton kuwa an miƙa shi, a rediyo ta ji. Da hantsi ne, Aina'u tana tankaɗe a bakin ƙofa, sai ga muryar Honarabul a filin siyasa, tana fita sumul.

"Kwamitinmu ya zagaya, mun gani da idonmu. Ruwan da yake fita daga kamfanonin nan tatacce ne. Ni ɗan Tsamiyar Kwari ne, ba labari aka ba ni ba. Mahaifiyata tana can yanzu haka, ruwan rijiyar gidanmu take sha, da shi take alwala, lafiyarta ƙalau. Masu surutu 'yan adawa ne."

Aina'u ta yi wuf za ta kashe.

"Bar shi," in ji Inna. "Ƙara murya."

Ta saurara har ya gama, har mai gabatarwa ya yi masa kirari. Sannan ta ce, "An miƙa ke nan. To ina motar asibitin?"

Motar ba ta zo ba. Sagir ne ya zo, da leshi sabo da kwalbar turare. Ya ce zaɓe ya ƙarato, Oga zai sake tsayawa, kuma ya ga ya dace ya fara da neman albarkar mahaifiya. Za a kafa rumfa a ƙofar gida ranar Asabar, manyan jam'iyya za su zo, da masu ɗaukar hoto. Ana gamawa sai asibiti, wannan karon babu fashi.

"Abu ne mai sauƙi, Anti. Inna ta zauna a kujera a tsakar gida, a sa mata safa, a rufa mata bargo a ƙafa. Oga ya durƙusa, ke ki faɗi albarkar kamar yadda kika saba, a ɗauka, shi ke nan."

Inna ta yi magana tana kallon bango. "Ce masa ba a tsakar gida ba. In albarka ce, a kai ni ƙofar gida kowa ya shaida."

Sagir ya washe baki. "Kai, Inna ta fi mu iya siyasa."

Ranar Asabar gari ya cika. Motoci har bakin kwata, maroƙa suna ta zuba kirari, manyan jam'iyya sun hakimce a kujerun gaba, wakilin mai kamfani yana cikinsu da farar shadda. Mutanen gari suna tsaye a rana ta bayan rumfa. Aka buɗe koren ƙyaure. Malam Idrisu da Muntari suka fito da Inna a kan kujera, ta sha leshi, an zazzage mata turare, bargo har ƙasa. Matan da suka yi wata da watanni ba su gan ta ba suka kama baki ganin yadda ta zube.

Abdulbaqi ya tattare babbar riga ya durƙusa a gabanta, ya sunkuyar da kai daidai yadda hoto zai yi kyau. Sagir ya miƙa wa Aina'u abin magana.

Inna ta miƙa hannu. "Ba ni."

"Inna, ni zan…"

"Ba ni, Aina'u. Kin gaji."

Ta karɓa da hannu biyu don nauyinsa. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun yana cikin tsumma: ta dubi fuskarsa kai tsaye.

"Abdulbaqi."

Sunan ya fita ta lasifika ya daki katangar kamfani ya dawo. Maroƙa suka yi shiru. Wata tsohuwa a bayan rumfa ta ce, "Inna lillahi," ta zauna a ƙasa. Baƙin da suka zo daga birni ba su gane abin da ya faru ba, amma babu ɗan garin da bai gane ba. Shi kansa waiwayawa ya yi, kamar wani ake kira.

"Da kai nake, Abdulbaqi. Ɗago ka dube ni. Ka ce ban taɓa gaya maka da bakina ba. To ga bakina."

Ta ja bargon ya faɗi. "Aina'u, cire safar nan."

Aina'u ta dubi Muntari. Muntari ya dubi wakilin mai kamfani, ya dubi ƙasa, sannan ya gyaɗa mata kai. Ta durƙusa ta zare safar, ta warware bandejin. Turaren Sagir bai yi komai ba. Na kujerun gaba suka sa hannun riga a hanci, wani ya miƙe ya koma baya. Masu ɗaukar hoto kuwa aikinsu suka ci gaba da yi.

"Wannan ita ce lafiya ƙalau ɗin da ka faɗa a rediyo. Ruwan bayan gida ne. Na aika maka, ka ji da kunnenka, ka ɗauki wanda ya yi maka daɗi. Ka sa min ƙyaure, ka hana a zo a gaishe ni, ka hana a kai ni wurin likita. Mas'uda, kina ina? Kawo yaran nan ya gani."

Mas'uda ta ratso da 'ya'yanta tana ɗaga hannuwansu. Bayanta wani mai lambu ya naɗe wando ya nuna ƙwauri. Wani ya ɗage riga. Sai ga mutane suna matsowa cikin rumfa ɗaya bayan ɗaya, ba ihu, ba zagi, kowa yana buɗe inda ruwan ya taɓa shi.

"Inna, don Allah," in ji Abdulbaqi. "Mu shiga ciki."

"A ciki ka bar ni. Ba zan yi maka baki ba, ni na haife ka. Amma albarkar kujerar nan ba za ta fito daga wurina ba, don ba tawa ba ce ni kaɗai, ta mutanen nan ce. Su ka tambaya. Kunyar da na ji ka tun kana jariri kuwa, yau na ajiye ta. Ban san abin rufe ƙazanta na saƙa maka ba."

Ta miƙa wa Aina'u abin maganar. Sagir ya ruga ya buɗe ƙofar baya ta babbar motar Oga. Inna ta girgiza kai, ta ce wa Malam Idrisu, "Malam, ina a-daidaita-sahun nan da ka ce?"

A asibiti likita ya duba, ya tambaya wa ya ajiye ta a gida har haka. Ya ce da tun farko aka kawo ta, wanki ne da ƙwayoyi. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Kada wani ya ɗauka gaskiya kyauta take zuwa. An kori Muntari a satin, yanzu dako yake yi a Dakata. Inna Ladidi da sanda take zuwa bakin murhu. Kamfanin ya haƙa ramin tace ruwa bayan hoton ya zaga wayoyi, kwatar ta rage baƙi, amma rijiyar gidan har yau ba a sha. Abin da garin ya samu shi ne, duk wanda ya zo neman ƙuri'a yanzu, sai an zaunar da shi a tabarma a bakin kwatar, rana tana dukansa, ya ji bayanin kowa, ya maimaita da bakinsa abin da zai je ya faɗa.

Shi kuwa Honarabul, ga abin da ya rasa, a ƙirga. Jam'iyya ta ba wani takara, don babu mai tallan mutumin da aka ga ƙafar uwarsa. Mai kamfani ya daina ɗaga wayarsa, tun da ba shi da sauran bakin da zai sayar. Sagir bai kai ƙarshen wata ba ya koma buɗe wa sabon ɗan takara mota. A masallacin da ya yi wa rufi, in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Koren ƙyauren ma Malam Idrisu ya sa an cire, an mayar da na da.

Duk waɗannan ƙanana ne. Babbar ita ce wannan. Yana zuwa gaisuwa ranar Juma'a, ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba. Inna Ladidi ba ta juya fuska bango. Tana dubansa ido cikin ido ta ce, "Abdulbaqi, ka zo? Ga tabarma can," da muryar da take yi wa duk leburan da ya shigo sayen wake. In ya miƙe zai tafi, sai ta ci gaba da tsince shinkafarta. Asabarin yana nan a rataye, babu mai leƙawa.